Guzurin baki: maganganun da makiyayi da falke za su riƙe kafin su ƙetare iyaka

(Wannan jawabi ne da magatakardan ƙungiya ya yi a taron da aka saba yi bayan girbi, kafin garkuna su gangara. Kalmomin waɗansu harsuna mun rubuta su yadda kunne ke jin su, domin wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya iya karanta wa 'yan uwansa.)

Sarakuna da hakimai, ranku ya daɗe. Arɗo-arɗo, rugga da garso, iyayenmu mata, fatake da dillalai, da ku samari masu sanda a kafaɗa, ina gaishe ku da zuwa, ina gaishe ku da hanya. Na san waɗansu tun asuba suka baro dukiya a hannun yara, saboda haka ba zan riƙe ku har rana ta take ba.

Shugaba ya ce in yi magana a kan shirin tafiya, tun da an gama girbi, nan gaba kaɗan za a saki gonaki. Kowace shekara a wannan taro muna maganar allura da takardu da hanya. Bana na roƙi a bar ni in yi maganar wani guzuri wanda ba a sa shi cikin taiki, ba a ɗora wa jaki, wato 'yan maganganun da mutum zai riƙe a bakinsa in ya shiga ƙasar da ba a jin harshensa. Ni ba malami ba ne. Aji shida na yi a lakwal, mahaifina ya ce shanu sun fi bukatata. Abin da na sani na harsuna a bayan shanu na tsince shi, da cikin kara, da bakin ofisoshi inda aikin ƙungiya ke kai ni belin mutanenmu.

Ba cewa nake ku zauna ku koyi Faransanci ko Yarbanci ba. Wanda ya yi furfura cikin kiwo ba shi da wannan lokaci. Magana goma ko goma sha biyar sun isa, in an zaɓe su da kyau. Kuma in aka ce in zaɓi guda ɗaya tak, ba gaisuwa zan zaɓa ba, ba tambayar ruwa zan zaɓa ba. Zan zaɓi "ban gane ba". Bari in gaya muku dalili.

A ranin 1999 na bi baffana da shanunmu zuwa wata ƙasa da ke kudu da mu. Wata rana da hantsi mun shayar a wani rafi da ke gefen gandun daji, muna fitowa sai ma'aikata suka tare mu. Allah shi ne shaida, ƙafar saniyarmu ko ɗaya ba ta shiga gandun ba. Aka kai mu ofis, babbansu ya rubuta takarda, ya karanta da sauri cikin Faransanci, kowane layi ya ɗaga kai ya ce "Se sa?", wato haka ne? Baffana, Allah ya jiƙansa, kalma biyu ya sani cikin harshen, kuma a ganinsa ladabi ne ka amsa wa mai hukunci. Sai ya yi ta cewa "Wi mushe, wi mushe." Aka kama yatsansa aka dangwala. Ashe abin da takardar ta ce shi ne mun kwana uku cikin gandun, mun sassabe itatuwa mun ba shanu ganye. Ni ina tsaye a bayansa. Na tsinci kalmar kwana uku, na tsinci kalmar sara, gabana ya faɗi, amma kunya ta hana ni katse babba yana magana. Bijimai huɗu muka sayar a farashin tilas kafin a sake mu. Da muka samo wani dattijo ɗan gari ya je roƙo, takardar kawai aka nuna masa, aka ce ga yatsan mutuminka, shi da kansa ya amsa. Har baffana ya rasu bai taɓa yi mini gori ba, ni kuwa har yau ban yafe wa kaina wannan shirun ba.

To jama'a, ga ta nan, ku riƙe. Da Faransanci: "Je ne pa kompri." Da Zabarmanci, wanda zai yi muku aiki har cikin Dandi, daga Gaya zuwa Malanbil da Kandi: "Ay mana faham." Da harshen Mosi: "Mam pa wum ye." Da Julanci, a Mali da yammacin Burkina da arewacin Kodibuwa: "N ma faamu." Da Yarbanci: "Ko ye mi." Da harshen Asante na Gana: "Mente ase." Da Larabcin Cadi: "Ana ma fihimt." Da Turancin kasuwa na Najeriya: "A no hiya." Ba kowa ke bukatar duka ba. Kowa ya ɗauki ta hanyar da yake bi, ya yi ta maimaitawa har ta zauna masa kamar kiran saniya.

Matsalarmu ba nauyin harshe ba ce, matsalarmu kunya ce. An tashe mu a kan kada mu nuna kasawa gaban baƙo, kada mu yi wa babba musu. Wannan hali ne mai kyau a ruga. A ofis kuwa, gyaɗa kai shaida ce, "wi" shaida ce, "dakor" shaida ce, "yes sa" shaida ce. Wanda ya ce bai gane ba bai zagi kowa ba. Ka aje sandarka ƙasa, ka sassauta murya, ka faɗe ta sau goma in ta kama.

Tana da ƙanne biyu da ba su rabuwa da ita. Ta farko, neman tafinta: "Anterpret, sil vu ple." A Najeriya da Gana kalmar ba ta da wuya, domin tafintan namu ma daga Turancin Ingilishi muka aro shi, su suna cewa intafirita. Ta biyu: "Je ne sinye pa", wato ba na sa hannu, sai an karanta mini cikin harshen da nake ji. Takardar da jandarma ko ma'aikacin gandun daji ke rubutawa bayan ya yi maka tambayoyi, ita ake kira peve, kuma ita alƙali zai duba, ba fuskarka ba. Game da tafinta kuma ina da gargaɗi. Akwai na Allah, akwai mai ci gaba da baya. In ka faɗi magana doguwa ya juya ta da kalma biyu, ko ma'aikaci ya yi magana gajeruwa shi ya tsawaita ta har da maganar kuɗi, to ka buɗe ido. Ka yi magana guntu-guntu, ya juya, ka ƙara. In da yaronka wanda ya taɓa lakwal, ka tsai da shi kusa, kuma tun a gida ka ba shi izinin ya katse ka in ya ji abin da bai yi ba. Da baffana ya ba ni wannan izini, da bijimai huɗu sun koma gida.

In an karɓi kuɗi a hannunka, ko na tara ne, ko na haraji, ko na fito da dabba daga gidan tsare dabbobi da suke kira furiyer, ka ce "Resi, sil vu ple." A ƙasashen Ingilishi rasit ne. Na sha ganin kuɗin da aka yanka ya ragu, wani lokaci ma maganar ta mutu gaba ɗaya, da zarar mutum ya nemi wannan 'yar takarda. In kuka zo ofishin ƙungiya da ƙara, ita ce farkon abin da za mu tambaye ku, domin ba mu iya bin hakki da baki kawai.

Tun da na shigo maganar takarda, bari in taɓo ta tafiya. A 1998 shugabannin ƙasashen CEDEAO suka zauna a Abuja suka sa hannu a kan dokar ƙetare iyaka da dabbobi. Ita ce ta kawo takardar shaidar ƙaura ta ƙasa da ƙasa, wadda ake rubuta yawan dabbobi da irinsu, da allurar da aka yi musu, da hanyar da za su bi, da ƙofar iyakar da za su shiga. Dokar ta ce da rana ake ƙetarawa, ba da dare ba, kowane shanu 50 a sami makiyayi ɗaya aƙalla, kuma makiyayin ya kai shekara 18. 'Yan uwanmu na Cadi da Kamaru su ma suna da irin tasu. Amma kun san abubuwa sun juya. Jihar Binuwai ta Najeriya ta kafa dokar hana kiwon sake a 2017. Binin ta hana shigowar garkunan ƙetare a ƙarshen 2019. A 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina suka fita daga CEDEAO. Saboda haka kada kowa ya tashi da labarin bara, ku biya ta ofishin kiwo ku ji wace takarda ake karɓa, wace ƙofa ce a buɗe. Abin da ya shafi maganata ta yau shi ne wannan: ka san abin da ke rubuce a takardarka, ka iya faɗinsa. Na san ba mu son ƙidaya dukiya a gaban mutane, haka muka gada. Amma in takarda ta ce shanu 83, ma'aikaci ya tambaye ka "Kombiyan?", kai kuma ka ce hamsin, ka buɗe wa kanka ƙofar wahala. In lambar ta yi wa bakinka nauyi, ka sa a rubuta maka ita a wata 'yar takarda daban, ka nuna.

Akwai kuma kalmomin da ba faɗinsu za ka yi ba, jinsu za ka yi, kuma a yanzu sun fi ƙarfin maganar dukiya, maganar rai ce. Tun 2015 aka sa dokar ta-ɓaci a Difa, a 2017 aka sa a waɗansu sassan Tilaberi da Tawa, kuma duk inda kuka nufa a maƙwabta za ku tarar da shingen soja ko na 'yan banga. Mai bindiga shi ma tsoro yake ji. In ya ce "Aret" ko "Alt" ko "Sitof", tsayawa yake nufi, nan take, ko da saniya ta ɓalle. In ya ce "Desande", ka sauko daga babur ko mota. In ya ce "Piyes" ko "Kart", takardar shaidarka yake nema, kuma kada ka zura hannu cikin riga da sauri, ka nuna aljihun tukuna. Amsarka ita ce "Je swi elver", ni makiyayi ne, ko "Je swi komersan", ni ɗan kasuwa ne. Sa'an nan sunanka, sunan mahaifinka, garinka, da sunan arɗonka. Iyaye, ina roƙonku don Allah, kada yaro ya bi shanu bana sai kun zaunar da shi kun koya masa waɗannan. Yaron da bai ji an ce tsaya ba, ya ci gaba da tafiya, ba wanda zai tsaya tambayar ko kurma ne.

Mu bar shinge mu shiga gari. Nan ne gaisuwa take da aikinta. Kun san yadda muke ji in baƙo ya zo ruga ya ce "Jam waali", ko da iyakar abin da ya sani ke nan, sai a shimfiɗa masa tabarma a kawo ƙwarya. Haka kowa yake. Bayarbe ka ce masa "E kaaro" da safe, in ka tarar da shi a gona ka ce "E kushe", wato sannu da aiki. Wannan "E" ta farko ita ce girmamawar, kada ka yar da ita in kana magana da babba. Mutumin Mosi ka ce masa "Ne i yibeogo", Bajule ka ce "I ni ce", Bazabarme ka ce "Fofo", Balaraben Cadi ka yi masa sallama ka ƙara da "Afe?" A ƙasar Asante ba a faɗa wa gida haka kawai, sai ka tsaya a ƙofa ka ce "Agoo", a amsa maka "Amee", sa'an nan ka ce "Maaci" in safiya ce. Kuma can da ƙasar Yarbawa kada ka miƙa abu ko ka nuna mutum da hannun hagu.

Bayan gaisuwa, tambaya ta farko ba ruwa ba ce, ba ciyawa ba ce. Ina mai gari? A ƙasar Yarbawa sunansa bale, a Asante odikro, a ƙasar Jula dugutigi, a ƙasar Mosi naaba, a Barno da gefen tafkin Cadi bulama, a Adamawa jauro, kuma can masarautu suna da sarkin shanu wanda aikinsa ke nan. Kalmar kaɗai ta isa, ka faɗe ta ka buɗe hannu, yaro zai kai ka. Ku lura da abu biyu. A ƙasar Mosi, ban da naaba akwai tengsoba, mai ƙasa, wanda maganar daji da wuraren tsafi ke hannunsa, yardar ɗaya ba ta wadatar da ta ɗayan. A Asante kuma ba a yi wa sarki magana kai tsaye a zaman fada, yana da mai magana da yawunsa, ociyame, shi za ka fuskanta. Makiyayin da ya sauka ya gaida mai gari tun ran farko, ran da rigima ta tashi baƙon mai gari ne. Wanda ya sauka a ɓoye, ran nan ɓarawo za a kira shi.

Sunan ruwa kowa ya riƙe: hari a Zabarma, koom a Mosi, ji a Jula, omi a Yarbawa, nsuo a Asante, almi a Cadi, lo da Faransanci. Amma ganin ruwa daban, izinin shayarwa daban. Wani rafin shi ne abin shan gari, wani tafkin na lambu ne, wani kuma wurin bautarsu ne, ko ɗan gari ba ya sa ƙafa. Saboda haka tambayar ita ce: an yarda? Da Faransanci "Se permi?" In ka ji "anterdi", an hana ke nan. Wannan kalma ku sa 'yan lakwal su nuna muku kamanninta a rubuce, domin ita ce a kan allunan da ake kafawa a bakin gandun daji. A Cadi burtali sunansa murhal, in ka tambaya da wannan suna za a nuna maka.

Sai babbar magana, ɓarna. A nan gida mun saba, gero da dawa da wake in an kwashe an sa ranar sakin gonaki, daji ya zama na kowa. Dokarmu ta kiwo ta 2010 ma ta ce yawo da dabba hakkin makiyayi ne. Wannan doka a bakin iyaka take tsayawa, kuma a kudu babu ranar sakin gona irin tamu. Rogo yana shekara cikin ƙasa, har ya wuce. Doya tana kwance cikin tulin ƙasa rani ya same ta. Ga gonakin kashu, ga auduga da ba a gama tsinka ba. Yaronmu da ya tashi a arewa yana ganin gonar rogo sai ya ɗauka jeji ne. Don haka ku koya musu sunan gona su riƙa tambaya kafin su kora: fari a Zabarma, foro a Jula, oko a Yarbawa, afuo a Asante, shan da Faransanci.

In kuwa ƙaddara ta faɗa, shanu sun shiga, kalmar farko ta ba da haƙuri ce, kuma cikin harshen mai gona, domin a lokacin nan zuciyarsa ta rufe, ba ya jin wani harshe. "E ma binu" ga Bayarbe, wato kada ka yi fushi. "Kafra" ga mutumin Asante. "Haketo" ga Bajule. "Sugri" ga mutumin Mosi. "Suuru" ga Bazabarme. "Samihni" ga Balarabe. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na ga adda ta koma kube saboda kalma ɗaya irin wannan. Amma ku bambanta ba da haƙuri da yarda da kuɗi. Kada ka yanka wa kanka diyya a tsakiyar gona mutane sun kewaye ka. Ka ba da haƙuri, ka kira sunan mai gari, a je gabansa, a tura shaidu su ga ɓarnar da ido, a nemo tafinta. Kuma kada ka kwashe shanu ka gudu da dare. Kai ka tsira, amma garken da zai biyo bayanka shi zai biya, wani lokaci da jini.

Yanzu fatake da dillalai, na zo kanku. "Nawa ne?" ba ta da wuya: marje a Zabarma, joli a Jula, elo ni a Yarbawa, be kam a Cadi, kombiyan da Faransanci. Wuyar tana cikin amsa. A wurare da yawa cikin ƙasashen sefa, mutanen kasuwa ba da tamma suke lissafi ba, da dala suke yi, tamma biyar-biyar, kowa da sunan da yake kiranta. Bajule yana cewa dorome, mutumin Mosi wakire, Balaraben Cadi riyal. Bajule in ya ce keme, ɗari ke nan, amma ɗarin dala, wato tamma 500. Bazabarme in ya ce zambar fo, jika biyar yake nufi. A Cadi abin ya fi ruɗarwa, domin ƙidayarsu irin tamu ce, ashirin, talatin, hamsin, duk daga Larabci muka samo su, sai kunne ya ɗauka ya gane. Mai sa ya ce maka hamsin alif, kai ka ji hamsin ka yi murna ka sami sa a jika hamsin. Riyal dubu hamsin yake nufi, tamma 250.000, jika ɗari biyu da hamsin. Wanda kuma ya yi maka lissafi da Faransanci, da tamma yake yi, ba da dala ba. Faransancin ma yana da tarkonsa: tamanin suna ce mata katar-van, wato huɗu sau ashirin, sis da dis shida ne da goma, sen san ɗari biyar ne, san senk kuwa ɗari da biyar. Da Ingilishi fiftin sha biyar ne, fifti hamsin, a cikin hayaniyar kara wa zai bambanta su? A Gana sun cire sifiri huɗu daga kuɗinsu a 2007, amma za ka tarar da tsofaffin 'yan kasuwa masu lissafi da tsohon kuɗi, mutum ya ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 yake nufi. Kuma sefar Cadi da Kamaru ba ita ce tamu ba, darajarsu ɗaya a littafi, amma takardun daban ne, mai canji sai ya ci nasa.

Maganin wannan duka magana ɗaya ce: rubuta mini. "Ekri" da Faransanci, "Rait am" da Turancin kasuwa. Ka miƙa masa salularka ya danna lambar, ko ya zana a ƙasa, sa'an nan ka tambaya: wane kuɗi? Lamba ba ta da harshe, wanda bai yi lakwal ba ma yana karanta ta a jikin takardar kuɗi.

Sa'an nan kowace kasuwa tana da kalmar da ke ƙulla ciniki. Mu in mun ce albarka, mun ƙi tayin ke nan, baƙo kuwa sai ya ɗauka godiya muke yi. In mun ce na sallama, magana ta ƙare. Ka tambayi mai masaukinka tun daren da ka sauka, wace kalma ce sallamawa a nan, don kada ta kuɓuce maka da wasa. A manyan kasuwannin kudu, Ikko da Badun da Kumasi da Abijan, da yawa mahauta bashi suke ɗaukar shanu. Tambaya biyu ke tsare dukiyarka: yaushe za a biya, wa ya tsaya? Mai tsayawar nan a ƙasar Jula jatigi ne, a Cadi damin, mu muna cewa maigida ko fatoma. In ba a nuna maka shi ido da ido ba, igiya kada ta bar hannunka.

Na ciwo kaɗan ne, amma kada a raina su. Malad, ba lafiya. Dokter. Serpan, maciji. A nan dole in ba ku dariya da Yarbanci, domin harshe ne mai hawa da sauka, kamar yadda mu muke bambanta kukan yaro da itacen kuka. "E jo" don Allah ne, "ejo" maciji ne, wani "ejo" ɗin kuma shari'a ne. In maciji ya sari yaro, kada ka dogara da baki kaɗai, ka nuna wurin saran, ka kwatanta da hannu. Iyayenmu mata, ku kuka fi mu wannan fanni. Matar da ke kai nono gari, wata biyu ya ishe ta ta iya ciniki da gaisuwa da tambayar asibiti, mijinta kuwa ya yi rani goma a wurin bai wuce "wi" ba. Maza mu rage girman kai mu tambaye su.

Wani zai ce, magatakarda, duk wannan wahala ta mece ce, ai Hausa ta ishe mu. Gaskiya ne Hausa tana da nisa. Ka sauka zangon Kumasi, ko Nima a Ankara, ko Sabo a Badun, ko Zongo a Kwatano da Lome, ko Birketeri a Yawunde, za ka ci ka sha ka yi salla ka sai da shanu ba ka nemi wani harshe ba. Fulatanci kuma daga Marwa har Ngaundare shi ne harshen kasuwa. A nan gida ma, a 2025 hukuma ta ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Amma peve har yanzu da harshen aikin ake rubuta ta. Kuma Hausar zango a bakin zango take tsayawa. Gonar rogon da saniyarka za ta shiga ba a zango take ba, shingen dare ba a zango yake ba. Abin da zango zai yi maka shi ne ya ba ka mutum. Duk garin da ka sauka, ka nemi sarkin zango ko sarkin Hausawa ko sarkin Fulani, ka karɓi lambar wani mai jin harshen gari, ka sa a salula, ka kuma sa a rubuta maka a takarda ka soke cikin hula, domin salula tana mutuwa a daji, kuma ita ake fara karɓewa in an kama mutum.

Ga abin da muka shirya. Bayan sallar azahar ba za a watse ba. Masu bin hanyar yamma su zauna gindin tsamiya, akwai dattawa biyu da suka yi shekaru a ƙasar Gurma da Mosi. Masu gangarawa Najeriya su zauna rumfar kara tare da dillalan da ke kai shanu Ikko. Masu fatauci Gana da Kodibuwa su same ni a ofis. Kowane garke ya turo mutum biyu, babba da yaro, yaron ya zo da salula a ɗaukar masa muryar, don a riƙa saurare da dare a mashekari. Wanda takardar allurarsa ba ta cika ba kuma, likitan dabbobi yana nan har la'asar, a kawo masa tun bai tashi ba.

Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya da dukiyarmu.